Garin Ɗorawar Arlit: Wa Zai Saya, ta Wace Hanya, Kuma Yaushe?

A ranar 28 ga Maris na 1979 aka yi hatsari a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pensilbaniya a Amurka. Tukunya ta biyu ta tashar, wato inda yuraniyom ke ba da zafin da ake mayarwa lantarki, ta ɗau zafin da ya wuce kima har wani sashe na cikinta ya narke. Ba wanda ya mutu nan take, amma tsoro ya shiga zukatan Amurkawa, kamfanonin lantarki suka yi ta soke tashoshin da suka yi niyyar ginawa. A daidai lokacin, can cikin hamada arewa da Agadas, garin Arlit, inda Nijar ke haƙo yuraniyom, yana tsakiyar cin kasuwarsa. Laba ɗaya ta yuraniyom, wato ɗan abin da bai kai rabin kilo ba, ta haura dala 40. Gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa talakawa harajin kai, ana shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, ana ta da manyan gine-gine a Yamai, ana cin bashi da sa ran gobe za ta fi yau. Cikin 'yan shekaru farashi ya karye. Zuwa 1983 Nijar ta kai ƙoƙon bararta gaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Ba hatsarin kaɗai ya karya kasuwar ba. An riga an haƙo fiye da buƙata, kuma shan lantarki a ƙasashen Turawa bai ƙaru yadda aka yi hasashe ba. Na fara da wannan tasha ne saboda ta sake dawowa cikin labari. Tukunyarta ta ɗaya, wadda hatsarin bai taɓa ba, ta ci gaba da aiki har 2019, aka rufe ta don ta kasa gogayya da arahar iskar gas. A Satumban 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da mai tashar, kamfanin Constellation, cewa a sake kunna ta, shi zai sayi wutar domin manyan rumbunan kwamfutocinsa masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira. Wata guda bayan haka Google da Amazon suka sanar da nasu shirin da kamfanoni masu ƙera ƙananan tukwanen nukiliya. Kafin nan, a taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, ƙasashe sama da 20 sun yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050.

Tun daga lokacin ake jin magana ɗaya a bakin mutane, a rediyo da shafukan sada zumunta: duniya ta koma ga nukiliya, Nijar ta karɓe mahaƙarta daga hannun Faransa, saboda haka arziki ya zo. Ina fatan hakan ya tabbata, har cikin zuciyata. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakanin rumbun kwamfuta a Amurka da aljihun mai shayi a Arlit akwai matakai da yawa, kowanne da nasa agogon, kuma galibinsu ba a Yamai ake juya su ba.

Bari mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi kan maganar ƙirƙirarriyar basira, tunda ita ta fi ɗaukar hankali. Tukunyar nukiliya mai ba da megawat 1,000 tana cin abin da ya kusa tan 200 na ɗanyen yuraniyom a shekara. Wadda Microsoft zai sayi wutarta megawat 835 ce. Ke nan duk hayaniyar da aka yi kan wannan yarjejeniya, abin da za ta ƙara wa kasuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Arlit ta fitar a 2022 ba, shekarar da Nijar ta haƙo kimanin tan 2,000. Duniya kuwa, da tukwanenta kusan 440, tana cin wajen tan 65,000 kowace shekara. Ƙananan tukwanen da Google da Amazon ke magana a kansu har yanzu a takarda da wuraren gwaji suke. Wanda ya fi kowa nisa a Amurka, shirin kamfanin NuScale, an soke shi a Nuwamban 2023 bayan kuɗin ginin ya yi tashin gwauron zabi, garuruwan da suka yi alkawarin sayen wutar suka ja da baya.

Gaskiya ne rumbunan nan suna zuƙar wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 sun sha kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na lantarkin duniya, kuma tana ganin abin zai ninka ya wuce kafin 2030. Amma mai gina rumbu yana son wuta cikin shekara biyu, tashar nukiliya kuwa a ƙasashen Yamma tana cin shekara goma zuwa sha bakwai. Tukunyar Flamanville ta Faransa an fara ta a 2007, ba a haɗa ta da layin lantarki ba sai Disambar 2024, da kuɗin da ya ninka na farko kusan sau huɗu. Tukwane biyu na Vogtle a jihar Jojiya sun yi lattin shekara bakwai, sun lashe sama da dala biliyan 30. Mai gaggawa ba zai jira wannan ba. Zai kunna injin iskar gas, ko ya shimfiɗa faifan sola da batura. Sannan ita kanta fasahar ba a san inda za ta dosa ba. A Janairun 2025 wani kamfanin China mai suna DeepSeek ya fito da manhajar da ya ce ya horar da ita da kuɗi kaɗan, a rana guda darajar kamfanin Nvidia, mai ƙera kayan kwamfutar da ƙirƙirarriyar basira ke aiki da su, ta zube da kusan dala biliyan 600, hannayen jarin kamfanonin yuraniyom ma suka bi sahu. Daga baya sun farfaɗo. Abin da nake so a lura da shi shi ne, labari ɗaya daga ɗakin masu rubuta manhaja ya isa ya girgiza ƙimar dutsen da ke ƙarƙashin Aïr.

In aka tambaye ni inda ainihin buƙatar take, zan nuna wurare biyu da ba su cika shiga kanun labarai ba. Na farko China. Kusan rabin tukwanen da ake ginawa a duniya yau a can suke, gwamnatinta tana amincewa da wajen goma duk shekara tun 2022, kuma suna gama kowace cikin shekara biyar zuwa shida. Na biyu tsoffin tukwanen da aka yi niyyar rufewa aka fasa. Yaƙin Ukraine na 2022 ya koya wa Turai hatsarin dogara da gas ɗin Rasha, sai Beljiyam ta ƙara wa tukwanenta biyu shekara goma, Kalifoniya ta fasa rufe tasharta ta ƙarshe, Japan tana sake kunna nata ɗaya bayan ɗaya. Jamus ce ta yi akasin haka, ta kashe ukun da suka rage mata a Afrilun 2023. Tsohuwar tukunyar da aka tsawaita wa rai tana buƙatar abincinta tun bana, ba sai 2040 ba. Saboda haka ina ganin buƙata za ta ƙaru, a hankali, da dalilan da suka fi na kamfanonin kwamfuta ƙwari.

Akwai kuma abokin hamayya da ba a ganin sa in ana kallon manyan tashoshi kawai. Shiga kowace kasuwa a Maraɗi ko Katsina ka duba rumfar mai cajin waya. Shekara goma da suka wuce ƙaramin janareta ne ke ta ƙugi a bayansa, da galan ɗin fetur a gefe. Yau faifai biyu ne a kan kwanon rumfar, an danne su da bulo don iska, waya ta sauko zuwa batir a ƙarƙashin tebur, wayoyi hamsin jere da 'yar takarda a manne a bayan kowace. Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekaru goma, na batir ma haka. A 2024 kaɗai duniya ta kafa sola da ƙarfinta a rubuce ya fi na dukan tashoshin nukiliyar da ke aiki, ko da yake sola ba ta aiki da dare, ita kuwa nukiliya ba ta barci. Duk ranar da batir ya iya riƙe wutar kwana da kwanaki da araha, hujjar gina sabuwar tukunya mai tsada za ta yi rauni. Ba wanda zai iya rantsuwa kan shekarar da hakan zai faru.

Tarihin farashin kansa ya isa ya sa mai hasashe ya yi tawali'u. Wa ya taɓa tsammanin rushewar Tarayyar Sobiyet za ta danne kasuwar Arlit? Amma haka aka yi. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta narkar da abin da ya kai kawunan bama-bamai kusan 20,000, ta sayar wa Amurka a matsayin makamashin lantarki, farashi ya kwanta har ya taɓa dala 7. A tsakiyar 2007 ya yi tsalle zuwa kusan dala 136, Shugaba Tandja Mamadou ya matsa wa kamfanin Areva na Faransa ya ƙara kuɗin saye, ya buɗe wa 'yan China ƙofa a mahaƙar Azelik, a 2009 aka ba da lasisin Imouraren da alkawarin za ta zama ɗaya daga cikin manyan mahaƙu na duniya. Sai ga girgizar ƙasa da ambaliyar teku a Fukushima a Maris na 2011. Japan ta kashe tukwanenta, farashi ya gangaro zuwa dala 18 a 2016, aka jingine Imouraren, Azelik ta tsaya, aka rufe mahaƙar Cominak ta Akokan, kusa da Arlit, a ƙarshen Maris na 2021. A Janairun 2024 ya sake haura dala 100, a farkon 2025 ya sauko ƙasa da 70. Sau uku ke nan cikin shekara hamsin da Nijar ta ga damina ta sauka, kuma biyun farko sun ɗauke kafin hatsi ya nuna.

To a ce buƙata ta ƙaru kamar yadda nake zato. Wa zai cike gurbin? A nan ne lissafin ke yi wa masu kishin Nijar ɗaci. Kazakistan ita kaɗai tana fitar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na yuraniyom ɗin duniya, kuma ba ta fasa dutse. Ruwan asid suke turawa cikin ƙasa ta rijiyoyi, ya narko da ma'adinin, su zuƙo shi sama, hanyar da ta fi kowace araha. Kanada tana da mahaƙar da tan ɗaya na dutsenta ke ba da sama da kilo ɗari. A Arlit tan ɗaya yana ba da wajen kilo biyu, a Imouraren bai kai kilo ɗaya ba. Namibiya, wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da Nijar, ta wuce ta nesa da jarin China a mahaƙun Husab da Rössing, ga tashar jirgin ruwa a ƙofar gida. Rabon Nijar a kasuwar duniya a 2022 bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, bayan a 2012 ta haura tan 4,000.

Ana yawan cewa ƙwan lantarki ɗaya cikin uku a Faransa da yuraniyom ɗin Nijar yake kamawa. A shekaru goman da suka gabaci juyin mulkin 2023, rabon Nijar a abin da Faransa ke shigowa da shi ya fi kusa da kashi ɗaya cikin biyar. A Tarayyar Turai baki ɗaya ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a 2022. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma yuraniyom ba kamar gas ba ne da za a rufe famfo yau gidaje su yi sanyi gobe. Ƙaramin kaya ne mai ajiyuwa, masu tashoshi suna tara na shekaru. Wata uku da 'yan kwanaki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Shugaba Macron yana Kazakistan da Uzbekistan. A Janairun 2025 kamfanin Orano, magajin Areva, ya sa hannu kan buɗe sabuwar mahaƙa a Mongoliya. Fitilun Paris ba su ko ƙifta ba.

Fitilun da suka mutu na Yamai ne da Doso da Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulki kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi da na Katsina. Da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi a ƙarshen Yulin 2023, aka yanke a farkon Agusta. Tela ya zauna da ɗinkin mutane a gabansa, mai ƙanƙara ya kalli jarinsa yana zama ruwa a cikin firji, asibitoci suka koma kan janareta a lokacin da iyakoki ke rufe. Ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa maganar 'yancin kai ta samu karɓuwa a titi. Ƙasar da ta ciyar da tashoshin Turai shekara hamsin, amma mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a gidansa. Ko mahaƙun Arlit ɗin da gawayin Anou Araren, kusa da Tchirozérine, ake ba su wuta. Cominak ta fitar da tan 75,000 a rayuwarta, da ta tashi tafiya ta bar ma'aikata wajen 600 ba aiki, ban da na 'yan kwangila, ta bar tulin dusar dutse mai guba kimanin tan miliyan 20 a gefen gari, wanda ake ta aikin rufe shi da laka da duwatsu. Kuma mutane ba su manta cewa Diori Hamani yana tsakiyar neman ƙarin farashi ne, bayan tashin kuɗin man fetur na 1973, aka kifar da shi a Afrilun 1974, ko da yake yunwar wancan lokaci da yadda aka yi da kayan agaji su ma suna cikin dalilan faɗuwarsa. Ni ban ga laifin wanda ya ce a sake lale ba. Ƙorafin na gaskiya ne.

Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sake lalen. A Yunin 2024 ta ƙwace lasisin Imouraren daga Orano, wata guda bayan haka ta ƙwace na Madaouela daga kamfanin GoviEx na Kanada. A Disambar 2024 Orano ya ce ragamar Somaïr ta kuɓuce masa, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit da yake da kashi 63 da ɗoriya a ciki, Nijar na da sauran. A Yunin 2025 aka mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Orano ya kai ƙara kotun sasanta rikicin masu zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, a Satumban 2025 kotun ta umarci Nijar kada ta sayar da kayan da ake jayayya a kansu. Yamai ta ce dukiyarta ce, za ta sayar wa wanda ta ga dama.

A nan ya kamata a tsaya a duba mene ne ainihin abin da ke fitowa daga Arlit, domin rashin sanin wannan ne ke sa a yi wa kaya kuɗin da ba nasa ba. Bayan an fasa dutse, an niƙa, an jiƙa da asid, an tace, an busar, abin da ake samu gari ne mai kama da garin ɗorawa, a ɗura shi cikin gangunan ƙarfe a liƙe. Wannan gari ba ya kunna ko tocila. Ɓangaren da ke ba da wuta a cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, tukwane kuwa suna son kashi 3 zuwa 5. Sai an kai shi masana'antar da za ta mayar da shi iska, irin wadda ke Malvési da Tricastin a Faransa, sannan a wuce da shi inda dubban injuna masu juyawa za su inganta shi, sannan a dunƙula shi ƙananan ƙwayoyi a jera cikin sanduna. Ƙasashen da ke aikin farko a kasuwance biyar ne: Faransa, Kanada, Amurka, Rasha da China. A aikin ingantawa Rasha ita kaɗai tana riƙe da kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin duniya. Abin ya yi kama da manomin gyaɗa da duk ƙasar injin matsar mai biyar ne, kuma masu injin sun san juna.

Shi ya sa maƙogwaron da manyan ƙasashe ke faɗa a kansa yana wurin ingantawa, ba wurin haƙa ba. Amurka, duk da takunkuman da ta jibga wa Rasha, ta ci gaba da sayen ingantaccen yuraniyom daga wurinta, sai a Mayun 2024 ta yi dokar hanawa, ita ma da rangwame har ƙarshen 2027. Yawancin sababbin ƙananan tukwanen nan suna buƙatar wanda aka inganta har kusan kashi 20, kuma Rasha ce kaɗai ke sayar da shi a kasuwa, dalilin da ya sa shirin kamfanin TerraPower na Bill Gates ya yi jinkiri. Ga wani abu da ke iya yi wa Nijar daɗi a cikin wannan rikici: idan masu injin ingantawa na Yamma suka yi ƙaranci, sukan gaggauta aiki ta hanyar zuba ɗanyen kaya da yawa, wato buƙatar garin ɗorawa ta ƙaru. Idan kuma yaƙin Ukraine ya ƙare aka sasanta da Rasha, wannan ƙarin na iya gushewa.

Wa ya rage ya saya, in ƙofar Faransa ta rufe? Kamfanin lantarki na Turai ko Japan ko Koriya ba zai taɓa gangar da ake shari'a a kanta ba, don ana iya kama ta a kowace tashar jirgin ruwa. Kuma kuɗin ɗanyen yuraniyom kaso kaɗan ne cikin kuɗin wutar da tasha ke sayarwa, shi ya sa mai tasha bai damu da ragin 'yan daloli ba. Abin da yake nema shi ne wanda zai kawo masa kaya a kan lokaci shekara goma a jere, kuma galibin cinikin ta irin wannan doguwar yarjejeniya ake yin sa. Saura Rasha da China. A Yulin 2025 ministan makamashin Rasha ya je Yamai, aka sa hannu kan takardar fahimtar juna a harkar nukiliya. Rasha tana da nata mahaƙun, tana da hannun jari a na Kazakistan, ba ta cikin matsi. Mai saye da ba ya cikin matsi, ya kuma san kai kana ciki, an san irin tayin da yake yi. Tsorona shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago: a fita daga hannun mai saye ɗaya a shiga hannun wani mai saye ɗaya, da farashin da ba a bayyana wa 'yan ƙasa ba. China ce ke da buƙata ta haƙiƙa, amma ita ma tana da Kazakistan a maƙwabta da Namibiya a hannu, kuma dangantakarta da Yamai ta sha tangarɗa kan harkar man Agadem.

Maganar a gina wa Nijar tashar nukiliya tata kuwa, zan taƙaita. Masar tana gina tukwane huɗu a El Dabaa da bashin Rasha na dala biliyan 25. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na layin ƙasa, don in ya tsaya kada ƙasa duka ta faɗa duhu. Dukan lantarkin Nijar 'yan ɗaruruwan megawat ne. Madatsar Kandadji mai megawat 130 da aka daɗe ana jira, da tashoshin sola irin ta Gorou Banda mai megawat 30, su za su kai wuta gidajen mutane tun kafin a aza tubalin tukunya.

Abin da na fi ba nauyi a duk lissafin nan shi ne hanya. Shekara da shekaru gangunan Arlit suna bin mota kilomita 1,600 zuwa Parakou a Benin, su hau jirgin ƙasa kilomita 400 zuwa Kwatano, su shiga teku. Ta wannan hanya kuma ƙibiritu da sauran sinadaran da masana'antar ke buƙata suke hawowa. Da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, kaya suka kasa fita, sinadarai suka kasa shiga, aikin tacewa ya tsaya cak na wani lokaci, sama da tan 1,000 ya taru a Arlit. Benin ta buɗe nata ɓangaren bayan ɗage takunkumi, Yamai ta bar nata a rufe bisa zargin ana shirya mata maƙarƙashiya daga can. Hanyar Lome ta ratsa yankunan Tillabéri da Burkina Faso inda ayarin motoci ke tafiya da rakiyar soja. Iyakar Aljeriya ta fi kusa da Arlit, wajen kilomita 200 zuwa Assamaka, amma dangantaka ta yi tsami a Afrilun 2025 bayan Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi, kuma daga can zuwa teku tafiya ce mai nisa. Ba kowace tashar ruwa ce ke da izinin karɓar irin wannan kaya ba, ba kowane jirgi ne ke ɗauka ba. Farashi ya kai dala 200 ma, gangar da ke ajiye a Arlit ba ta biyan albashin kowa.

Da zan jera abubuwan nan bisa yadda Yamai ke da iko a kansu, ƙirƙirarriyar basira da batir da hatsarin wata tasha a wata nahiya suna can ƙarshe, sai dai a sa musu ido. Farashi ma haka. Amma buɗe iyaka, da kawo ƙarshen shari'a da Orano ta hanyar da za ta wanke kayan a idon masu saye, da riƙe masu zuba jari fiye da ɗaya kamar kamfanin Global Atomic na Kanada da ke aikin mahaƙar Dasa, da bayyana wa jama'a nawa aka sayar kuma ina kuɗin ya shiga, waɗannan duk a hannu suke. Kuma lokaci yana da nasa hukuncin. Masu tashoshi suna ƙulla yarjejeniyoyin shekarun 2030 ne a yanzu, duk wadda aka ƙulla da Kanada ko Uzbekistan ta fita daga kasuwa shekara goma. Sabuwar mahaƙa kuwa tana cin shekaru da maƙudan kuɗi kafin ganga ta farko ta fito. An gano Imouraren tun 1966, kuma har yau ba a loda ganga ɗaya daga can an sayar ba.